Wanda Ya Fita a Rabin Wasa

Illiassou ɗan Damagaram ne, daga unguwar Birni. Ya sauka Lyon a farkon sanyin shekarar 2002 don karatun kimiyyar sinadarai, ya samu ɗaki a Vaulx-en-Velin, a saman wani dogon bene da iska ke kaɗa tagoginsa. Mutum ne marar yawan magana. In ba lakwal, wato makaranta, ko masallaci ba, ba ka ganinsa ko'ina sai filin balo, inda ake buga ƙwallon ƙafa.

A wancan lokaci ɗaliban Nijar da ke Faransa suna da gasar balo da suke yi duk shekara idan an shiga babban hutu. Kowane gari da tawagarsa, ana haɗuwa a wani fili a Aubervilliers, bayan manyan rumbunan kayan 'yan sari. Ba gasa ba ce da jarida ta san da ita, amma ga wanda ya shekara yana cin taliya shi kaɗai a ɗaki, babu ranar da ta kai ta. Mata su dafa dambu da kopto, a zo da kilishi, a ji Hausa da Zabarmanci ta kowane gefe. 'Yan Paris ne ke ɗauke kofin kullum saboda sun fi kowa yawa. 'Yan Lyon kan zo a bas guda, a fitar da su tun zagayen farko, su koma suna gyangyaɗi.

Zuwan Illiassou ne ya sauya wannan. Lamba goma yake sawa. Ba shi da gudu, ba shi da jiki, amma kafin balo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Shekara biyu a jere, 2004 da 2005, Lyon ta ɗauki kofi, kuma kowa ya san ta hannun wa aka samu.

Shugaban magoya bayan Lyon wani ɗan Maraɗi ne mai suna Salifou, wanda ya girme su duka. Karatu ya zo yi tun da daɗewa, ya ƙare yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, ya zama uban duk sabon ɗalibin da ya sauka garin. Yana da kalangu da ya taho da shi daga gida. Shi ya laƙaba wa Illiassou suna Liman, wai duk inda ya fuskanta nan sahu ke fuskanta. Sunan ya bi shi. In ya shiga bas a unguwa aka yi sa'a akwai ɗan Nijar a ciki, sai an tashi an ba shi kujera. Ranar Lahadi gidaje kan yi rububin kiransa cin tuwo.

A watan Fabrairun 2006, suna atisaye a kan ƙasa mai ƙanƙara, ya zame ya murɗe gwiwar dama. Likita ya duba ya ce jijiya ta tsage, sai an yi aiki, kuma kada ya kuskura ya taɓa balo kafin nan. Illiassou ya ɗage aikin zuwa bayan jarrabawa. Da gasa ta matso, Salifou ya hau benen nan ya same shi. Bai tilasta masa ba. Ya zauna a bakin gado ya yi ta lissafo masa mutanen da suka riga suka ɗauki hutu a wurin aiki don tafiyar, da matan da suka ɗinka riguna masu sunansa, da yadda 'yan Paris ke cewa kofi biyun nan sa'a ce kawai.

"Ko tsayuwa kawai ka yi a tsakiyar fili, ƙanena, za su rikice," in ji shi.

Ya kuma ba da shawara kada a faɗa wa kowa girman ciwon, don in labari ya kai Paris, gwiwar za su yi ta hari. Illiassou ya ce to. Daga shi sai Salifou sai mai horar da su suka san abin da likita ya faɗa.

Aka ɗaure gwiwar, ya lallaɓa har suka kai wasan ƙarshe da Paris. Shi ya miƙa balon da aka ci ƙwallon farko da ita, kalangun Salifou kamar zai fashe. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci ya juya da balo, ya ji wani abu ya tsinke a cikin gwiwar. Bai faɗi ba. Ya cije, ya taka a hankali har bakin fili ba tare da ya ɗingisa ba, don ba ya so a gani. Da ya zauna, tashi ya gagara. Ya ce wa mai horarwa ba zai iya komawa ba.

Da aka dawo, Paris ta zura uku.

Jama'a na watsewa, kyaftin ɗin Paris, wani mai karatun likita da ake kira Bukari, ya zo gaishe shi, ya ga gwiwar ta kumbura ta cika wando. Ya ce wannan ba ta jiran gobe. Shi da ƙanwarsa Hamdiya, wadda ta zo kallo, suka kama shi suka sa a mota zuwa asibiti. Ta tagogin bas 'yan Lyon suka hango Limaminsu yana shiga motar kyaftin ɗin da ya cinye su, mace na riƙe masa jaka. Bas ta tashi ba tare da shi ba.

Kafin a iso Lyon labari ya riga ya haɗu. Wai dama yana neman yarinyar, wai an yi magana tun kafin wasa. Da ya dawo bayan an yi masa aiki, yana dogara sanduna biyu, wasu suka ce na nuna wa mutane ne. Masu ɗan sauƙi suka ce sun yarda ya ji ciwo, amma wa ya ga ya faɗi? Ai da ƙafarsa ya fita. A masallaci gaisuwa ta gajarce. Kiran tuwon Lahadi ya ɗauke. Wata rana ya tarar an rubuta wata kalmar Faransanci mai nufin maci amana a jikin akwatin saƙonsa.

Salifou ya taɓa buɗe baki sau ɗaya a taron ƙungiyar 'yan Nijar mazauna Lyon ya ce yaron nan da ciwonsa ya shiga fili. Nan take wani ya tambaye shi, in haka ne, wa ya sa shi shiga, kuma me ya sa aka ɓoye wa mutane? Salifou ya ce a bar maganar, ba ta da amfani. Bai sake tayar da ita ba. Ya kai wa Illiassou lemu a leda, ya gaishe shi a tsaye, ya ce yana sauri.

Shekarar karatun ta lalace, tallafin da ake ba shi ya tsaya. A 2007 ya tattara ya koma Paris, inda Bukari ya nema masa aiki a wani rumbun takalma a Aubervilliers, yana tuƙa injin ɗaga kaya, aikin da ake yi a zaune. Kafin ranar wasan nan bai taɓa ganin Hamdiya ba, amma ita ta riƙa kai masa abinci a asibiti, kuma ita ta ci gaba da kiransa a waya lokacin da wayarsa ta daina ƙara. Suka yi aure a 2008. Da labarin ya kai Lyon aka ce to ga shi nan, magana ta fito fili.

Shekaru suka wuce. Filin gasar bai da nisa da wurin aikinsa, amma yakan zagaya ta wata hanya in zai tafi tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. In sanyi ya shigo gwiwar takan hana shi tsugunawa, sai ya yi sallah a kan kujera kamar tsoho. Bai koma karatu ba.

A bazarar 2016 Salifou ya kira shi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ƙungiyar Lyon za ta yi bikin tunawa da tsofaffin 'yan wasanta, kuma taro ba zai cika ba in babu Liman. Hamdiya ba ta so tafiyar ba. Ta ce masa ya je in ransa na so, amma kada ya ɗauki wani buri ya tafi da shi. Ya ce gaisawa kawai zai yi. Duk da haka ya yi aski, ya sa shaddarsa ta sallah, kuma a cikin jirgin ƙasa ya kama kansa yana shirya abin da zai ce in aka nemi gafararsa.

A wani fili a Vaulx-en-Velin aka yi taron, da rana. An tarbe shi da fara'a. Abokan wasansa sun yi ƙiba, wasu sun yi furfura, suka rungume shi suna kiran tsohon sunan. Ya ji daɗi har ya ji kunyar zargin da ya zo da shi. Aka fara wasan sada zumunci tsakanin sababbin ɗalibai, ya matsa bakin layi ya tsaya yana kallo cikin matasan da ba su san shi ba.

Can wani ɗan wasa ya gaji, ya ɗaga hannu a canja shi. Sai wani ya ɗaga murya daga bayan Illiassou:

"Kai, koma ciki, kada ka yi mana Illiassou!"

Aka kwashe da dariya. Ya juya, ya ga ba shi ake kallo ba. Kusa da shi akwai wata ɗaliba, Balkisa, wadda ta lura bai gane ba, ta ɗauka baƙo ne daga wani gari. Cikin ladabi, tana haɗa Hausa da Faransanci, ta bayyana masa cewa haka 'yan Lyon ke cewa ga duk wanda ya bar abu a rabi. Wanda ya watsar da karatu ya yi Illiassou, wanda ya gudu ya bar wa abokan ɗaki wanke-wanke shi ma haka. Ya tambaye ta ko wane ne Illiassoun. Ta ce ita dai ta ji wani ne a da can da ya sayar da wasan ƙarshe saboda mace, ba ta ma san ko mutumin gaske ne ba.

"Allah sarki," in ji shi.

Bayan la'asar aka jera tsofaffin 'yan wasa a gaban jama'a. Salifou ya karɓi abin magana, ya ba da labarin kofi biyun nan dalla-dalla, yadda balo ke bin ƙafar Liman, yadda Paris ta yi tsit. Yana faɗa idonsa na ƙyalli, kuma ba ƙarya a ciki. Sannan ya sassauta murya ya ce abin da ya faru daga baya ya riga ya wuce, ɗan Adam ajizi ne, kuma yau a gaban kowa Lyon ta yafe wa ɗanta.

Aka yi tafi mai tsawo. Wasu mata har da share ƙwalla. Illiassou ya dubi Salifou, Salifou yana duban jama'a.

Da aka miƙa masa abin maganar, ya ji hannunsa ya kai ga ƙafar wandonsa, inda tabon ɗinkin yake. Ya dubi fuskokin nan masu murmushi, mutanen da suka gamsu sun yi abin kirki, ya san ko ya nuna musu, sai dai a ce ya ɓata biki. Ya gode wa ƙungiya, ya yi wa ɗalibai addu'ar samun nasara a karatu, ya mayar. Balkisa ta zo tana ba shi haƙuri. Ya ce mata babu komai, abin da ta tarar ne.

Salifou ne ya kai shi tashar jirgi a motarsa. A wata danja Illiassou ya ce:

"Yaya Salifou, me kuka yafe mini?"

Salifou bai ɗauke ido daga titi ba. Ya ce mutane sun riga sun saba da labarin a haka, har waɗanda ba su je Paris ranar ba suna ba da shi kamar a gabansu aka yi. Ya ce da ƙyar ya shawo kan wasu suka yarda a gayyace shi.

"In na tono yanzu, wa zai amfana?"

"Ni," in ji Illiassou.

Danja ta ba da hannu, na baya suka yi oda, Salifou ya ja mota. A bakin tasha ya fito ya riƙe masa hannu da hannu biyu, ya ce a gaida Hajiya da yara, ya ce za su yi magana. Ba su yi ba.

A gida Hamdiya ta tambaye shi yadda aka yi, ya faɗa mata duka bai rage komai ba. Ta so ta kira yayanta ya rubuta wa ƙungiyar abin da ya gani da idonsa a matsayinsa na likita. Illiassou ya hana. Ya ce shaidar Bukari ita ce ta ƙarshe da za a karɓa a Lyon.

Shekarar da ta biyo aka sake gayyatarsa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Daga nan ba a ƙara ba. Salifou kan kira shi duk sallah, su gaisa, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, su yi maganar sanyi da tsadar tikitin Yamai. Tsofaffin magoya baya kuwa, in hira ta kawo su kansa, sukan ce ba su taɓa ganin ƙafa irin tasa ba, sannan su girgiza kai su ce zuciya ce dai bai da ita.

A 2018 likitoci suka ce gwiwar ta cinye, sai an sake wani aikin. Ranar da zai je ganinsu ya sauka matakalar metro da sassafe, hannu a kan ƙarfen gefe, yana sauke ƙafar hagu sannan ya jawo ta dama. Masu sauri suka taru a bayansa. Ya raɓe jikin bango ya bar su suka wuce, sannan ya ci gaba.