Tukunyar Juma'a ta Umm Jawdat

Ranar da aka tono mutanen gidan Abu Hamdi daga ƙarƙashin benensu da bam ya rusa, tun daga kaka har jinjiri, ba a samu ko mutum ɗaya da za a yi wa ta'aziyya ba. Umm Jawdat na tsaye a bakin layi tana kallon maza sun idar da sallar gawa suna waige-waige, sun rasa hannun da za su kama. A ranar ta koma gida ta raba iyalinta.

Ɗanta Jawdat da matarsa Wisal da 'ya'yansu ta tura su garejin wani ɗan uwa a gabashin Khan Yunus. 'Yarta Tahani, mai tsohon ciki, ta kai ta tanti a bakin teku. Ita da mijinta, tsoho Abu Jawdat, suka zauna a abin da ya rage na gida. Ta kuma kafa doka: kada wata rana ta fito ta same su duka a ƙarƙashin rufi ɗaya.

"Ke dai Hajja kin cika mulki," in ji Abu Jawdat. "Mutane suna haɗa 'ya'yansu ɗaki ɗaya don su tafi tare, ke kina watsa naki kamar tsaba."

"Uwata ba ta taɓa zuba irin alkamarta a tulu ɗaya ba," ta ce. "In ɓera ya ci wannan, a shuka wancan. Kai da ko haƙori ba ka iya adanawa ba, za ka koya mini ajiya?"

Sai dai fa Juma'a ba ta yiwuwa sai an ci daga tukunya ɗaya, haka aka gada. To, ita ta san dabararta. Ta dafa miyar adas, ƙananan waken nan, da wutar katakon tagar da ta karye, ta ɗebi kason tsoho, ta ɗaure sauran a zane, ta bi kowa inda yake da ƙafa. Wisal ce kullum ke taryenta a ƙofar gareji, ta sumbaci hannunta, ta karɓi tukunyar. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ce mata a'a ba.

Ana haka Tahani ta haihu. Tsoho ya nace sai a kawo masa jikan ya yi masa kiran salla a kunne, kowa ya zo ya gani. Umm Jawdat ta ce ko kusa. Ya yi shiru, irin shirun nan nasa da ya kamata a ce ta gane.

Wannan Juma'ar ta fita da hantsi, jirgin nan marar matuƙi yana ta zuzu a sama kamar kullum, har kunne ya daina jinsa. Tana hango garejin ke nan, har ta ga mayafin sallar Wisal mai ɗigon shuɗi a bakin ƙofa, sai ƙasa ta daka tsalle.

Ba ta ji ƙara ba. Ta dai tsinci kanta a kwance, baki cike da siminti, miya mai zafi na bin hannunta. Da ƙurar ta lafa babu gareji, babu benen da ke kansa. Wani mutum ya wuce ta da gudu, rigarsa na ci da wuta. Jakin mai sayar da ruwa na birgima, hanjinsa a waje. Wata ƙafa da takalminta na yashe a tsakiyar titi, ita kaɗai.

"Jawdat!" Ta rarrafa ta hau tarin baraguzan. "Jawdat! Yara!"

Ta dinga tona da hannu. Ƙarfen rodi ya tsaga mata tafi, farce ya fita, ba ta sani ba. Ta jawo wani hannu, na makanikin garejin ne, ya biyo ta babu gangar jiki. Ta ajiye shi a hankali ta ci gaba. Maza suka zo da guduma da shebur, wani ya ɗaga murya: "Ku yi shiru, jama'a! Akwai mai rai a nan?" Kowa ya tsaya cak. Sai suka ji nishi can wajen ƙofa.

Wisal ce. Dakalin siminti ya danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa, jini na fitowa ta kunnenta, amma mayafin na nan a kanta, ko gashi ɗaya bai fito ba. Umm Jawdat ta kwanta rub da ciki ta tallafo fuskarta.

"Ina yaran, 'yata? Ta ina zan tona?"

"Kada ki tona, Yamma." Yamma, wato Mama, haka suke kiranta; muryar kamar ta mai barci. "Suna gidanki. Baffa Abu Jawdat ne ya aiko, wai da kin fita kowa ya zo a ga jariri. Har Tahani."

"Ke fa? Me ya zaunar da ke?"

"Kin ce kada mu taru." Ta yi ƙoƙarin murmushi, jini ya cika mata baki. "Na ce wa Jawdat, wa zai karɓi tukunyar?"

Maza suka sa ƙarfe suka ɗaga dakalin. Da ma shi ke riƙe da ranta. Ana ɗagawa jinin ya ɓalle gaba ɗaya, ya jiƙa gwiwoyin tsohuwar. Umm Jawdat ta laƙƙana mata kalmar shahada, ta shafe mata ido, ta gyara mata mayafin da da ma bai goce ba.

Aka ɗora gawar a amalanke. Ita kuwa ta taka zuwa gida, takalmi ɗaya a ƙafa, tukunyar da ta lotse a hannu, don hannun ya ƙi sakinta.

Tun daga tsakar gida take jin dariyarsu. Ta leƙa. Ga Tahani a kan katifa, ga jikoki sun yi wa jariri rumfa, ga Jawdat na shafa masa man zaitun a ƙafa. Duk abin da ta haifa a duniya yana cikin ɗaki ɗaya, ƙarƙashin rufin da ya riga ya tsage.

Tsoho ne ya fara ganin inuwarta. "To, ga hukuma ta iso! Ku ɓuya, yara, yau mun shiga..." Sai ya ga rigarta.

Jawdat ya miƙe a hankali. Ya dubi jinin, ya dubi tukunyar. "Yamma. Wa ya karɓa?"

A sama jirgin na ta zuzunsa. Tahani ta fara naɗe jaririn tana cewa, "Yanzu za mu tafi, Yamma, wallahi yanzu za mu watse."

Umm Jawdat ta ajiye tukunyar. Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta ratsa ta tsakaninsu ta zauna a tsakiyar tabarma, ta jawo 'ya'yan Wisal jikinta, jini da ƙura da komai.

"Ba inda za ku," ta ce. "Ku matso."