Wutsiyar Kyanwa da Shuɗin Duro

Aina'u na tsaka da taje wa 'yarta Badi'a kai ta tsaya cak. Ta miƙo wa mijinta matajin. Gashi ne cunkus a haƙoransa, ja-ja, sirara, kuma ba yau ya fara ba.

Usaini bai karɓa ba. Idonsa na kan kyanwar gidan da ta ɗare murfin duron ruwa tana lasar abin da ya taru a kai. Tun watan jiya gashin wutsiyarta yake zubewa, yanzu ta koma kamar igiyar guga. Shi kuwa ya daɗe yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu cikin sinadari har gashinsu ya saɓule. Ya san yadda gashi yake barin fata. Kuma shuɗin duron nan daga can ya fito. Na sinadari ne da aka juye, ya karɓo a hannun mai sito kamar yadda kowa yake yi, ya dirje shi da omo da toka, ya ce ya wanku. Ruwan ciki suke sha, da shi ake dama wa Badi'a koko.

"Baban Badi'a, asibiti za mu kai ta," in ji Aina'u.

"Bari na fara kai magen nan a duba."

"Mage? Ga 'yarka a zaune?"

"In ciwonsu ɗaya ne, ai za a gaya min."

Ba ita ce gaskiyar duka ba. Tsoro yake ji ya tsaya gaban likita, Aina'u a gefensa, a ce da hannunsa ya shayar da 'yarsa guba. Ya tuntsurar da ruwan duron a kwata, ya cusa kyanwar a buhu, ya fita ya tari adaidaita sahu.

Shagon likitar dabbobin yana Sharada, tsakanin masu sayar da abincin kaji. Wani mai rago ya leƙa buhun ya ce, "Malam, wannan ta layya ce ko ta suna?" Aka yi dariya. Usaini bai ji abin dariya ba, duk hanya addu'a ɗaya yake yi, Allah ya sa ba duron ba ne.

Likitar, wata dattijuwa da ake kira Hajiya Safiyatu, ta saurari labarin duron har ƙarshe. Bai ambaci Badi'a ba.

"Kada ku sake shan ruwansa, wannan ba sai na duba mage zan faɗa ba," ta ce. "Riƙe min ita."

Ta buɗe bakin kyanwar, ta haska harshe da dasashi. Babu ƙuna, babu gyambo. Ta taje gindin wutsiyar a kan farar takarda tana neman ƙuma, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta duba ko akwai da'irar makero a fatar, babu. Ta tambaya ko kyanwar tana yawan lasar wurin, ko an kawo wata dabba gidan da ta ɗaga mata hankali. Ya ce a'a. Duk abin da ta cire, sai tsoronsa ya ƙaru, don yana ganin duron kaɗai zai rage.

Sai ta shafa haƙarƙarin kyanwar, ta daɗe hannunta na wurin.

"Me take ci?"

"Abin da muke ci, Hajiya."

"Wato me?"

"Tuwo. Wani lokacin garin kwaki."

"Ɓera fa?"

Ɓerayen gidan Usaini sun fi shi wayo. Tun da kamfani ya rage ranakun aiki suka ga ba riba, suka yi ƙaura zuwa maƙwabta.

"Rabonta da nama, ko kifi, ko ƙwai?"

Ya buɗe baki zai amsa, ya ga sai ya koma har babbar salla.

"Ban ga alamar guba a jikinta ba, Malam," in ji likitar. "Mage ba ta rayuwa da tuwo. In jiki ya rasa abin gina shi, gashi ne yakan fara zubewa. Ko kan kifi ne ka riƙa ba ta, zai fito."

Ya kamata ya ce alhamdu lillahi, ya kuma faɗa. Amma ya kasa ɗaukar buhunsa.

"Hajiya, mutum ma yakan yi haka? Gashinsa ya yi ja, ya riƙa zubewa?"

Ta cire tabarau ta dube shi sosai.

"Ɗanka ne? Shekara nawa?"

"'Yata ce. Uku."

"Ni ta dabbobi ce. Ka kai ta asibiti yau, kada ka bari gobe. Ka faɗa musu abin da take ci yadda ka faɗa min."

Ya fito bakin titi, tireloli na wucewa, kyanwar na mutsu-mutsu a buhu. Wayarsa ta yi ƙara, Aina'u ce.

"Me suka ce? Duron ne?"

"Ba shi ba ne. Ki goya ta, ga ni nan."

"To, alhamdu lillahi."

Kunya ce ta rufe shi, don ya kama kansa yana cewa ina ma duron ne. Da shi ne, da yau ɗin nan zai fasa shi ya jefar a bola.