Dillaliyar Hayaƙi

Shekara goma sha ɗaya Barista Mahfuza ta yi a Dubai, ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kuma hakan bai taɓa hana ta barci ba. Ita lauyar masu masana'antu ce. In hukuma ta tashi kafa sabuwar ƙa'ida kan hayaƙi ko dagwalon ruwa ko wutar lantarki, sai masu kamfani su turo ta ta je ta lallaba, a sassauta nan, a ƙara wa'adi can. Tana son aikin, ta kuma iya shi kamar me. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, wato Baba.

Alhaji Sabo tsohon dillalin shanu ne a kara ta Wudil, kuma tuni ya karaɗe garin da labarin 'yarsa mai kayar da ƙattin lauyoyi a kotu. Da ya biyo ta Dubai daga Umra, ko hutawa bai gama yi ba ya tayar da maganar.

"Barista, yaushe za mu kotu in gan ki da hular nan taku?"

Sunan aikinta da Hausa kamun ƙafa, shi kuwa Baba a wurinsa mai kamun ƙafa da maroƙi duk kanwar ja ce. Tana tsoron ranar da zai ji kalmar ya dube ta wani iri. Sai ta ce, "Baba, gobe akwai zama, amma fa ba kotu ba ce. Kowa na iya shiga. Ka zo ka gani da idonka."

A zauren wani otal aka yi zaman, kusa da Dubai Investments Park. Jami'an muhalli suna son kowace masana'antar tayil ta saka sabon matacin hayaƙi cikin shekara ɗaya. Wanda ya ɗauke ta, mai kamfanin tayil, ya kafe sai biyar. Baba ba ya jin Turanci balle Larabci, ya dai zauna can baya da carbinsa ya zuba ido.

Ya ga ta ja mai kamfanin gefe tana masa magana ƙasa-ƙasa, mutumin yana girgiza kai yana share zufa. Ya ga ta zare wata takarda daga hannunsa, da ƙyar ya saki. Ta kai wa babban jami'in, wani mai farar jallabiya, ta dawo, ta sake komawa. Wajen la'asar aka tsaya a kan shekara uku, aka yi musabaha.

A hanyar komawa, cikin abra, ƙaramin jirgin fiton nan na Bur Dubai, Baba ya yi ta jan carbinsa har suka kai tsakiyar ruwa. Mahfuza ta kasa daurewa.

"Baba, ka dai gani. Gaskiya aikin nan kamun ƙafa ne. Na daɗe ina son in gaya maka."

"Wane irin kamun ƙafa?" Ya juyo. "Ke za ki gaya min abin da na gani? Mai farar jallabiyar nan sau biyu ya ce albarka, a na uku ya sallama. Ba ki bar mai kaya da mai saye sun haɗa baki ba, ke ce a tsakani. Wannan ai dillanci ne tsagwaronsa!"

Ta fashe da dariya, amma shi fuskarsa ba wasa.

"Tsaya tukuna. Takardar da kika ƙwace a hannun mutumin naki, ta mece ce?"

"Awon hayaƙinsa ne na gaskiya, Baba. Ya fi wanda ya so ya nuna muni. Na ce masa wallahi in bai bayar ba, khalas, shi ke nan, ya nemi wani lauyan."

"Kin faɗi aibin saniyar ke nan."

"Na faɗa."

Sai a lokacin ya saki fuska. Ya ce shi shekara arba'in a kara bai taɓa sayar da gurguwa a matsayin lafiyayya ba, shi ya sa har yau Fulani ke nemansa. Ya ce ya kai ta boko ne don kada ta san rana da ƙurar kara, ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daɗi ya kama Mahfuza har idonta ya ciko.

Suna sauka ya laluba wayarsa, ya kira amininsa na Wudil, yana ɗaga murya har masu shaguna na waigowa.

"Idris! Ka gaya wa 'yan kara ni na yi kuskure, ba kotu take zuwa ba. Sana'armu take yi. Kuma ka ce ni Sabo na faɗa, ta fi ni iyawa."