Awa Biyar Daga Jidda

Malam Kalli ya cika da hantsi, ranar wata Laraba mai zafin da ko kaji ba sa fita kiwo. Kafin azahar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, ƙofar gidansa a Gashua ta cika da jama'a. Abu ɗaya ya hana a ɗauke shi: matarsa Meram ta ce sai autansu Ikrima ya iso.

Ikrima kuwa yana Jidda, shekara uku ke nan yana aikin wayar lantarki. Duk sanda ta yi masa ƙorafin nisa sai ya ce, "Inna, awa biyar ce fa a jirgi." Meram ta riƙe maganar nan kam. Ita da iyakar tafiyarta Nguru, a zatonta filin jirgi tasha ce irin tasu: ka je ka tarar ana lodi, in ya cika ya tashi. Ba wanda ya taɓa gyara mata wannan zato, don ba wanda ya san tana da shi. Tun da ta sa aka kira yaron da safe, ya ce cikin kuka ga shi nan zuwa, ta lissafa da yatsu ta ga da la'asar zai shigo.

Alhaji Gaji, wan mamacin, wanda ya taso daga Nguru ko karyawa bai yi ba, ya shigo ya tsuguna daga bakin ƙofar ɗakinta.

"Meram, ba a ajiye gawa, kin sani. Ga kuma zafin nan."

"Yaya, la'asar kawai na roƙa. Bai ga ciwon ubansa ba, a bari ya ga fuskarsa."

Gaji mutum ne mai kaifin baki, amma ranar ya sassauta mata. Ya fita ya ba liman haƙuri.

Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Meram ta ɗauka da sauri, har tana gyara mayafi.

"Ka sauka?"

"Inna, ina Jidda." Muryarsa ta dishe. "Sai gobe akwai jirgin Kano, kuma sai mai gidan aikina ya sa hannu tukun. In na sauka ma, ga hanyar Haɗeja da Nguru, ita kanta ta fi awa biyar ɗin."

"To awa biyar ɗin da kake gaya mini fa?"

"Ta cikin sama ce kawai, Inna."

Baƙin ciki biyu suka haɗe mata, na ɗan da ba zai zo ba, da na mijin da ta tsare yini guda cikin zafi a banza. Ta aika aka kira Gaji, ta ce a ɗauke shi, a yafe mata.

Mata ba sa bin gawa, don haka iyakarta bakin zaure. Nan ta tsaya da wayar a hannu, ta miƙa ta waje don Ikrima ya ji takun mutane da salatinsu. Ta daɗe a haka, har unguwar ta yi tsit.

"Inna, sun tafi?" in ji shi.

"Sun sha kwana," ta ce. "Ni ma ban ƙara ganinsa ba."