Katafila a Gonar Babanmu

Ranar Juma'a da safe ƙanena Auwalu ya zo Gyaɗi-Gyaɗi daga ƙauyenmu. Ko zama bai yi ba ya ce in ara masa jarka.

"Yaya, yau za mu ƙone katafilar nan."

Na san wadda yake nufi. Tun bara wani kamfani ke haƙar burji a gonakinmu, tifofi na kwasowa birni. Gonar babanmu da muka ci geronta muka girma ta zama kududdufi. An je wajen dagaci, an je sakatariya, kowa sai ya ce a yi haƙuri. Haƙurin me? Tura ta kai bango.

"Auwalu, ban da rai," na ce.

"Shi ya sa muka zaɓi lokacin masallaci. Ma'aikatan duk tafiya suke yi, ko kare ba ya saura a wurin."

Na miƙa masa jarkar. Wallahi har daɗi na ji.

Da rana ta take, Kande maƙwabciyata, 'yar Kafanchan, ta shigo kitso. Ita ta goya min ɗana Mubarak duk kwanakin da na yi a asibiti. Ta zauna a gabana, na fara tsaga, tana ta zuba kamar kanya.

"Af, ban gaya miki ba? Ai an mayar da Markus garinku, shi ke jan katafila yanzu. Yau ma ba na wahalar kiransa. Da abokan aikinsa sun tafi masallaci, sai ya kashe waya, ya rufe ƙofa, ya kwanta a cikin katafilar. Mijin nan nawa da barci, ko ganga ake kaɗa masa a ka!"

Na saki gashin, na shige ɗaki na kira Auwalu. A kashe. Na sake kira, na kira abokinsa Sani, wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba. Daga lasifikar masallacin unguwa na ji liman ya fara huɗuba.

Na fito. Kande ta waiwayo, rabin kanta a tsefe.

"Maman Mubarak, lafiya? Zo ki ƙarasa min mana, yau da yamma zai dawo gida."