Malamar Cikin Allo

Idan aka tambaye ni aikin yayata, sai in ce a je a tambayi fasfonta. Ba ta da ofis, ba ta da oga. Yau tana wata ƙasa tana koya wa ma'aikata yadda za su kare kwamfutocinsu daga ɓarayin intanet, jibi tana wata ƙasar a tsaye gaban taro da makirufo a hannu, a cikin jirgi kuma tana rubuta wa wata jarida maƙala. Ita ta ce wannan shi ne 'yanci. Ni dai abin da na gani shi ne mace ta fi sanin kujerun filin jirgi a kan kujerun gidan ubanta.

Ni ce auta, ni ce kuma na zauna da Baba. Ɗinki nake yi, kekena yana falo dab da ƙofar ɗakinsa, yadda ko tari ya yi zan ji. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ne mantuwa ta fara cin sa. Da farko hula da makulli, sai sunayen abokansa, daga baya har hanyar banɗaki sai an nuna masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, wanda a da zai lissafa maka kowace kwana da kowane rami na hanya, shi ne yake tsayawa a tsakar ɗakinsa yana tambayata ta ina ake fita.

Kada in ɗauki alhakin Yaya, ba ta yi watsi da shi ba. Ta yi abin da ta iya, kuma abin da ta iya ɗin ta iya shi sosai. Ta kawo kwamfutar hannu, wadda Baba yake ce wa allo, ta kafa ta a kan teburin da ke gaban kujerarsa, ta saita ta yadda idan ta kira za ta amsa da kanta ba sai an taɓa ba. Likita ya ce mata masu irin wannan ciwo ba sa son sauyi, abin da suka saba gani shi suke riƙewa. Yaya kuwa ta ɗauki maganar kamar jarrabawa. Kullum bayan la'asar ɗinmu take kira, ko da a inda take gari bai waye ba. Ta sayi wani shuɗin ƙyalle da take yawo da shi a akwati, duk otal ɗin da ta sauka sai ta rataya shi a bayanta. Mayafi ɗaya, ruwan toka. Tabarau ɗaya, wanda ba ta sa shi sai a gaban kwamfuta. Ga abin sauraro na kunne mai makirufo, ga wata 'yar fitila mai zagaye da take haska fuskarta har ta yi fes kamar ba ta taɓa gajiya ba.

Da ta bayyana sai ta ce, kamar yadda take fara darasi da ɗalibanta, “Baba, kana ji na? Kana gani na?”

Shi kuma ya gyara zama ya ce, “Ina jin ki, Malama. Yau kuma wace ƙasa?”

Haka yake kiran ta tun ranar da ta fara koyarwa, rabi tsokana rabi alfahari. Sai ya hau tambayar ta hanyoyin garin, ko akwai kwalta, ko direbobinsu suna da hankali. Ya manta na ba shi abinci, amma bai taɓa manta lokacin kiran nan ba.

Har labarin Yaya ta riƙa bayarwa a taruka, cewa nisa ya daina raba ɗa da mahaifi. Na taɓa kallon bidiyon wani taron, waya a jingine da bokiti, hannuna cikin kumfa ina wanke zanen gadonsa. Mutane suka tashi tsaye suna tafi. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ita da tafi, ni da bokiti.

Da jikinsa ya ƙara rauni, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ja ni gefe ya ce idan akwai na nesa a sanar da su. Na sanar da ita ba tare da na yi wa maganar kwalliya ba. Ta ce akwai 'yar tazara tsakanin wani taro da wani, za ta zo.

Da hantsi ta iso, tana jan akwatinta mai taya. Ni kaina sai da na dube ta sau biyu. Ta rame, idanunta sun faɗa, ga furfura ta leƙo ta gefen wani koren mayafi. Ba ta ko zauna ba ta wuce ɗakinsa, ta durƙusa a gaban kujerar.

“Baba, na zo.”

Ya dube ta da fara'a irin wadda yake yi wa kowa. “Sannu da zuwa, baiwar Allah. Auta, kawo wa baƙuwa ruwa mana. Ɗinki ta kawo?”

Na yi dariya, don na zaci abin na ɗan lokaci ne. “Haba Baba, Malama ce fa. Yaya ce.”

Ya kalle ni kamar ni ce mai mantuwar, ya nuna allon da haɓarsa. “Malama tana can. Sai bayan la'asar.”

Yaya ta miƙa hannu za ta kama nasa. Ya janye a hankali, cikin ladabi, ya ɗora shi a kan cinyarsa. Baba bai taɓa yin musabaha da matar da ba tasa ba. Ta tsaya a durƙushe da hannu a miƙe, har sai da na ce ta taso ta sha ruwa.

Muka ce a bar shi ya huta, zai gane. Ta ɗauko tabaraun ta sa, ta yafa mayafin nan ruwan toka, ta zauna kusa da shi tana ba shi labarin ranar da ya ɗora ta a gaban motarsa ya bar ta ta danna hon. Ya saurara har ƙarshe, ya ce labarin ya yi daɗi, shi ma yana da 'ya mai irin wannan rigimar.

Da aka yi la'asar sai ya gyara hularsa ya fuskanci allo. Allo ya yi shiru. Ya jira, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce in duba ko caji ne ya ƙare. Can sai hankalinsa ya tashi.

“Ba ta taɓa makara ba. Auta, ko jirginta ne? Kunna rediyo mu ji.”

“Baba, ga ni nan,” in ji Yaya. “Lafiyata ƙalau. Dube ni.”

“Ki yi haƙuri, baiwar Allah, hankalina ba a kwance yake ba.” Ya ture abincin da na kawo. Sai na ga hawaye suna bin gemunsa, abin da ko ranar da aka fita da mahaifiyarmu ban gani ba.

Yaya ta miƙe. Ta ja akwatinta zuwa ƙaramin ɗakin da nake ajiye yadudduka, ta ture dilolin gefe, ta maƙale shuɗin ƙyallen a jikin ƙusa, ta kunna fitilarta. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon ta tana goge ido da gefen mayafi tana gwada murmushi, kamar mai gwada takalmi.

Allo ya yi haske. “Baba, kana ji na? Kana gani na?”

“Malama! Ina kika shiga? Kin tayar mini da hankali.” Dariya yake yi, hawayen ba su ma bushe ba. “Yau kuma wace ƙasa?”

Ta ce, “Wata ƙasa ce kusa, Baba.”

Bango ɗaya ne tsakaninsu. Daga kan kekena ina jin muryarta sau biyu, ta ɗakin yadudduka tana isowa kafin ta cikin allo da kaɗan.

Ranar tafiyarta ta zo ta wuce, akwati yana nan. Na ji ta a waya tana ba masu taro haƙuri, wannan ta ce su nemi wani, wancan ta ce ba ta san ranar da za ta samu dama ba. Na san abin da hakan yake nufi ga mai irin aikinta, wanda idan aka kira ka ba ka zo ba, gobe wani za a kira. Da safe takan shiga ɗakin yadudduka ta koyar da ɗalibanta ta intanet, sauran yinin kuma na Baba ne. Ta karɓi bokitin daga hannuna. Ta koyi yadda ake juya shi a gado, da yadda ake lallashinsa ya haɗiye magani. Haushin da na daɗe ina tarawa na neme shi na rasa, sai tausayi, kuma tausayin ya fi haushin ciwo.

Baba ya saba da ita, har yana cewa baiwar Allahn nan tana da hannu mai sauƙi. Idan tana shafa masa mai a ƙafa sai ya hau yi mata alfahari. “Ina da 'ya, babbar malama ce. Ni na yi yawo a ƙasa, ita a sama take yi. Manya suna zama su yi shiru tana magana.” Yaya ta ce Allah ya ƙara mata ɗaukaka, kanta a sunkuye.

Ni ce na kawo dabara. Na ce, “Yaya, ke da kike koya wa duniya wayo, wannan ya gagare ki? Ki kira shi, kina cikin magana ki taso da wayar a hannu, ki shigo. Zai ga ta ciki ta zama ta waje.”

Ta ce, “Kina ganin zai yi?”

“Me za mu rasa?”

Washegari ta kira. Suka gaisa, ya tambayi hanya. Sai ta ce, “Baba, ka ci gaba da kallona, zan nuna maka wani abu.” Ta miƙe. A cikin allon shuɗin ƙyallen ya zame ya ɓace, hasken fuskarta ya dushe, hoton ya riƙa girgiza, ga silin, ga kekena, ga labulen ɗakinsa. Baba ya riƙe hannun kujera.

“Malama? Me ya faru? Ina kike?”

“Ga ni nan zuwa, Baba. Ɗago kanka.”

Tana sa ƙafa a ɗakin, wayarta da allon suka haɗa wata ƙara mai tsini kamar usur, wadda ta cika ɗakin har cikin haƙori. Baba ya toshe kunne. Ya ɗago ya ga mace a tsaye a kansa da waya a hannu, ya koma ya ga fuskar cikin allo ta karkace ta yi duhu. Ban taɓa jin ya ɗaga wa baƙo murya ba sai ranar.

“Fita! Kin ɓata mini! Ina magana da 'yata kin shigo kin ɓata!”

Ta fita da baya. Sai da ta koma gaban ƙyallen, ta kunna fitila, ta ce masa intanet ne ya yi gardama, sannan numfashinsa ya daidaita.

Na same ta a zaune kan dilar yadi, abin kunnen a wuyanta. Raina a ɓace yake, da kaina da ita da allon gaba ɗaya. Na ce, “To ki daina kiran mana! Mu ɗauke allon. Idan ya neme ki bai gan ki a can ba, dole ya neme ki a nan.”

Ta girgiza kai. “Auta, idan na daina, ba ni zai samu ba. Ita zai rasa.”

Ban sake kawo wata dabara ba.

Daga nan jikin ya yi ta baya. Ya daina zama a kujera, sai in riƙe masa allon a gado. Wata la'asar, muryarsa ta yi ƙasa sosai, bai tambayi ƙasa ba, bai tambayi hanya ba. Ya daɗe yana kallon fuskar nan mai haske.

“Malama, sun ce miki ba ni da lafiya ko?”

“Sun faɗa mini, Baba.”

“Kada ki tayar da hankalinki. Ana kula da ni. Ga Auta, ga wata baiwar Allah da ba ta gajiya. Ki yi aikinki, mutane suna jiran ki. Ba sai kin zo ba, kin ji?”

Ta ce, “Na ji, Baba.”

“Allah ya yi miki albarka.”

Allo ya yi duhu. Jim kaɗan Yaya ta shigo, ta riga ta cire tabarau ta sauya mayafi, da kofin shayi da cokali a hannu. Ta zauna a bakin gado ta tallafo kansa. Ya kurɓi cokali ɗaya, sannan ya yi mata alama ta matso, kamar mai shirin faɗin sirri.

“Kin ji abin da na ce wa 'yata?”

“Na ji.”

“Ba gaskiya na faɗa mata ba. Na so ta zo. Ko sau ɗaya in ga ta shigo ta ƙofar nan.”

Ta mayar da cokalin cikin kofi. Ta ce, “Za ta zo, in Allah ya so.”

“Ba za ta zo ba, tana da aiki. Kada ki gaya mata, za ta ji nauyi.” Ya lumshe ido. “Ke dai Allah ya ba ki 'ya'yan da za su zauna kusa da ke.”

Yaya ta ce amin. Ta hura shayin, ta sake kai masa cokali baki.

Bai sake yin doguwar magana ba, kuma bai kai ƙarshen makon ba. Kansa yana kan hannunta ya cika, da rana tsaka, yana tambayar ta ko an yi la'asar.