Kashi Talatin na Jamaniyam

Ƙarfe tara da kwata injiniyar ta buɗe fayil ɗin haɗi don ta kwafi lamba ɗaya ta sa a rahoto. A layi na goma sha huɗu hannunta ya tsaya.

Aikinta gwada na'ura a kwamfuta kafin a ƙera ta. Manhajar ba ta san haɗin sinadaran silikon da jamaniyam ba sai an gaya mata: a rubuta sunayen biyu, sannan a sa kason na biyun. A nan jamaniyam ne a gaba, silikon a baya. Talatin ɗin da ta sa, silikon ne ya tafi da shi. Wata huɗu ke nan tana gwaji da jamaniyam kashi saba'in, alhali takardar da ta aika ɗakin tanderu talatin ta ce.

Faya-fayan silikon da za a ƙera na'urar a kansu goma sha biyu ne, su ke nan na bana. Ƙarfe goma za a kunna musu wuta.

Daga fayil ɗin Oga, shugaban sashensu, ta kwafo layin, yadda kowa a sashen yake yi, shekara uku ba wanda ya duba. Ogan nan kuwa shi zai sa hannu ranar Litinin a bar ta a bakin aiki. In ta yi shiru, sai bayan wata biyu a ga faya-fayan ba sa aiki, laifin kuma ya faɗa kan dattijon da ke kula da tanderu.

Ta sauka bene biyu zuwa ɗakin tanderu. Baba Tanderu yana sa safar hannu. Ya tsokane ta, wai 'yan sama ba sa saukowa sai na'urar sanyinsu ta mutu. Da ya ga fuskarta ya bar dariyar.

"Baba, kada ka kunna."

Ya ce umarnin Oga ba a tsayar da shi da baki, sai an rubuta dalili an sa suna. Ya miƙo mata littafin da biro.

Ta rubuta cewa an juya jerin haɗin tun a fayil na asali. Ta sa sunanta a ƙasa. Baba ya karanta sau biyu.

"'Yata, kin san fayil ɗin wa ne?"

Ta ce ta sani. Ya cire safar, ya mayar da faya-fayan cikin akwatinsu.

Ta hau benen a hankali. Ƙofar Oga a buɗe take. Yana waya, ya yi mata alama da hannu ta shigo.